Auna Ruwa Da Tudu Kafin Ka Sayi Injin Ban Ruwa

Gabatarwa

Ya kai ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen watan Oktoba, hankalin masu noman rani a Jos yakan koma kan abu guda, wato injin ban ruwa. Mazauna unguwanni irin su Kongo-Rasha da Gangare da Rikkos, waɗanda ke da lambuna a bakin kogin Dilimi ko a gefen ramukan kuza na wajen gari, sun san cewa kabeji da karas da latas da tumatirin da za su kai kasuwar Farin Gada duk sun dogara ne ga wannan inji. Amma abin takaici shi ne yawancin manoma kan sayi inji da ido, ko don sun ga irinsa a wurin maƙwabci, ko don ɗan kasuwa ya ce shi ne mai ƙarfi. Ra'ayinmu a nan shi ne, gona da ruwa da tudu su ne ya kamata su zaɓa wa manomi inji, kuma awon da za a yi a yini ɗaya ya fi rangwamen da za a samu a kasuwa amfani.

Daga jigo zuwa fetur, daga fetur zuwa rana

Iyayenmu da jigo da ƙwarya suka yi noman lambu a bakin Dilimi. Haƙar kuza da kamfanonin Turawa suka fara a farkon ƙarni na 20 ta bar ɗaruruwan ramuka cike da ruwa a wuraren Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, kuma da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, noman rani ya zama madogara ga jama'a da yawa. Ƙananan injinan fetur sun yaɗu a shekarun 1980 da 1990, musamman da zuwan shirin Fadama na farko wanda Bankin Duniya ya tallafa wa. A wancan zamani mai yana da araha, saboda haka ko manomi ya sayi injin da ya fi ƙarfin gonarsa, asarar ba ta fitowa fili.

Wannan zamani ya wuce. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur, kuma litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wasu manoma sun mayar da injinansu masu amfani da iskar gas, wasu sun koma ga famfon hasken rana. Ko wanne hanya mutum ya bi, kuskuren zaɓe a yau yana iya cinye ribar rani guda sukutum.

Tambaya ta farko: ruwa nawa gonarka ke sha?

Ka riƙe wannan ƙa'ida: ruwa mai zurfin milimita 1 a kan kadada 1 daidai yake da lita 10,000. A lokacin zafin Fabrairu da Maris, kayan lambu da suka girma kan buƙaci kimanin milimita 5 a rana. Ke nan, mai rubu'in kadada yana buƙatar lita 12,500 a kullum ta isa ga saiwar shuka. Idan ta lambatun ƙasa da fangali ake ban ruwa, abin da ke zurarewa a hanya yakan kai kusan rabi, don haka sai an ja lita 25,000. Mai ban ruwa sau ɗaya a kwana uku zai ja lita 75,000 a kowane zagaye.

Wannan lissafi ba shi da wuya, amma da shi ne ake gane girman injin da ya dace. Sannan sai ka dubi ɗaya ɓangaren, wato ko mafarin ruwanka zai iya ba da wannan adadi a watan Maris, lokacin da kogi ya ja baya. Ƙasar Jos a kan dutse take, kuma rijiyoyi da dama kan yi ƙasa sosai a ƙarshen rani. Babban inji a kan ƙaramar rijiya zai ƙafar da ita cikin 'yan mintoci, ya ci gaba da zuƙar iska da laka har ya ƙone. Ka kwashe rijiyar, ka auna tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta sake cika, domin ruwan da take maidowa a awa shi ne iyakar abin da za ka nema daga gare ta.

Tambaya ta biyu: ina za a kai ruwan?

A jikin kowane inji akwai lambobi biyu: yawan litar da yake bayarwa a minti, da tsayin da yake iya tura ruwa. A nan ne ake yawan ruɗar mai saye, domin inji ba ya ba da waɗannan biyun a lokaci guda. Lita 600 a minti da aka rubuta a jikin inji mai inci 2, a fili ne yake ba da ita, inda babu hawa ko kaɗan. Mita 26 da aka rubuta kuwa, a can ne ruwan ke tsayawa cak, ko ɗigo ba ya fita. Aikinka na gaskiya yana tsakanin waɗannan biyun.

Sai ka haɗa abubuwa uku: zurfin daga inji zuwa saman ruwa, hawan daga inji zuwa inda ya fi tudu a gonar, da ƙarfin da ke ɓacewa saboda gugar ruwa a cikin tiyo. Alal misali, zurfi mita 4, hawa mita 8, guga mita 5, jimla mita 17. A wannan tsayi, injin da aka rubuta wa lita 600 ba zai ba da ko rabinta ba. Idan ya ba da lita 250 a minti, zagayen nan na lita 75,000 zai ɗauki awa 5. Da wannan awa 5 za ka lissafa kuɗin manka.

A lura da maganar tiyo ƙwarai. Mutane da yawa kan sayi inji mai inci 2 su ɗaura masa tiyo mai inci ɗaya da rabi don ya fi araha. Wannan ragin na rabin inci yana ninka gugar ruwa kusan sau huɗu. Arahar da aka samu rana ɗaya, ita ake biya da mai har ƙarshen rani. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin da tudun Jos ke yi wa inji

Ga wani abu da 'yan kasuwa ba sa faɗa. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma nauyin iska yana raguwa gwargwadon yadda aka hau. Injin da ke zaune a bakin ruwa yana zuƙa, nauyin iska ne ke tura masa ruwa cikin tiyo. A bakin teku iyakar wannan zuƙa a lissafi mita 10.3 ce, a aikace kuma 7 zuwa 8. A Jos ana rasa fiye da mita 1 daga ciki, saboda haka kada tazarar inji da saman ruwa ta wuce mita 5 zuwa 6. Haka kuma injin fetur yakan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, wato fiye da kashi 10 cikin 100 a Jos. Injin da ya yi wa ɗan'uwanka aiki a Kadawa ko a Lafiya, ba lallai ne ya yi maka daidai haka a bakin ramin kuza mai gangara ba. Inji ya fi iya turawa a kan zuƙa, don haka ka sauko da shi kusa da ruwa iyakar yadda lafiyarka da tasa za su yarda.

Wane iri ya dace da kai?

Injin fetur mai inci 2 ko 3 yana da amfani ga mai babban lambu, mai ban ruwa ta lambatu, wanda dole ya ɗauko injinsa a baro ko Keke Napep kowace yamma saboda ɓarayi. Yana ba da ruwa mai yawa a ɗan lokaci, kuma makanikansa da kayan gyaransa suna ko'ina a gari.

Famfon hasken rana ba ya shan mai, amma yana ba da ruwa kaɗan-kaɗan ne a tsawon yini. Famfon da ke ba da lita 2,000 a awa na tsawon awa 6 zai tara lita 12,000. Wannan ya kusa isar rubu'in kadada idan da tiyon ɗigo ake ban ruwa, amma a lambatun ƙasa rabin buƙata ma bai cika ba. Saboda haka muna ganin kuskure ne a sayar wa manomi famfon rana ba tare da an gyara yadda yake raba ruwa a gona ba. Wanda ya yi haka zai ce sola ƙarya ce, alhali lambatunsa ne suka sha ruwan. Haka kuma tanki ya fi batir: ka tara ruwa a sama da rana, ka sake shi da yamma. Batir yana mutuwa cikin 'yan shekaru, tanki kuwa yana daɗewa.

Famfon nutso, wanda aka fi sani da sumo, shi ne na rijiyar burtsatse da duk ruwan da zurfinsa ya wuce mita 6, domin yana cikin ruwan ne yana turowa.

Akwai kuma ƙaramin famfon matsi mai aiki da batir na bolt 12, wanda ke ba da lita 10 zuwa 15 a minti, yana kunna kansa idan an buɗe kan famfo, ya kashe kansa idan an rufe. Ga gidaje a unguwa mai cunkoso kamar Kongo-Rasha, inda wuta ba ta da tabbas, yana da kyau wajen tura ruwa daga tanki zuwa makewayi, ko shayar da gadon reno da kaji. Amma ba a yi shi don shayar da fangali ba, kuma wanda ya bar shi yana aiki yini guda zai ƙona shi.

Yadda za a girka

1. A ɗora inji a wuri mai daidaito, a kan katako ko tsohuwar taya, kada ya riƙa tafiya da girgiza.
2. Tiyon zuƙa ya zama mai tauri wanda ba ya lotsewa, gajere, kuma kaurinsa kada ya gaza bakin inji. A ɗaure mahaɗarsa tam, domin ƙofar iska ko ta kai kan allura tana hana inji jan ruwa.
3. A sa rariya da bawul mai hana ruwa komawa a bakin tiyon. A rataye shi a jikin jarka mai iyo, ko a sa shi cikin kwando, yadda ba zai taɓa laka ba. Yashin kuza yana cinye farfelar inji.
4. A cika cikin inji da ruwa kafin a tayar da shi. Tayar da shi a bushe yana ƙona robar da ke tsare ruwa.
5. A sauya baƙin mai na sabon inji bayan awa 20 na farko, sannan a bi ƙa'idar da ke cikin littafinsa.
6. Faifan sola ya fuskanci kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15, a riƙa goge ƙurar hunturu da sassafe. A sa fis kusa da batir, a yi amfani da waya mai kauri, gajera.
7. Mai tiyon ɗigo ya sa matata bayan tanki, ya riƙa wanke ta.

Kada a taɓa saukar da injin fetur cikin rijiya ko rami mai zurfi. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kisa cikin mintoci. Gaɓar ramukan kuza tana zaftarewa kuma ruwansu yana da zurfi, saboda haka kada a aiki yara su sa tiyo. A kwashe duk kayan da ke bakin kogi kafin damina ta kankama. Ambaliyar watan Yuli na 2012, wadda ta yi ɓarnar rayuka da gidaje a Rikkos, ta isa gargaɗi. Sannan ruwan Dilimi na cikin gari yana ɗauke da dattin kwata da shara, don haka kada a wanke latas da karas da shi. A nemi ruwan rijiya mai tsabta don kayan da ake ci ɗanye.

Kira ga malaman gona

Wani zai ce manomi ba shi da lokacin lissafi, kuma babban inji ya fi saurin gama aiki. Gaskiya ne yana da sauri, amma ruwan da ya fi ƙarfin lambatu yana wanke taki da tokar da manomi ya sha wahalar tarawa, kuma a watan Maris wanda ke sama da babban inji yana ƙafar wa na ƙasa ruwa. Rigingimu da dama tsakanin maƙwabtan lambu daga nan suke farawa. Mafita ita ce ƙungiyar manoma ta tsara ranakun ban ruwa, ko mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su mallaki inji ɗaya mai kyau.

Aikinku, malamai, bai buƙatar na'ura mai tsada. Igiyar awo, da duro mai lita 200, da agogon waya sun isa. Idan inji ya cika duro a ƙarshen tiyo cikin daƙiƙa 48, to lita 250 yake bayarwa a minti. Ku yi wannan gwaji a gaban manoma, a gonar ɗayansu, ku sa kowa ya rubuta nasa.

Kammalawa

Kai kuma manomi, kafin ka je kasuwa ka tafi da lambobi huɗu a takarda: girman gona, zurfin ruwa a watan Maris, hawan tudu, da tsawon tiyo. Ka nemi mai sayarwa ya nuna maka jadawalin da ke nuna yawan ruwan da injin ke bayarwa a wannan tsayi, ka kuma tabbatar akwai kayan gyaransa a Jos. Idan lissafin ya shige maka duhu, ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Filato tun kafin ka fitar da kuɗi. Allah ya ba mu rani mai albarka.