A ƙara kyamara ɗaya saboda makaɗa

Yau ina son mu tattauna kan yadda ake ɗaukar bidiyon wasa idan an gayyato mawaƙi daga gida, ko a biki ko a naɗin sarauta.

Duk wanda ya kalli irin wannan bidiyo ya san yadda yake. Mai ɗauka yana da kyamara ɗaya tal, kuma wanda ya biya shi so yake a ga baƙinsa. Saboda haka da zarar Alhaji ya miƙe zai yi liƙi, kyamara ta bi shi. Sai a kwashe awa biyu ana kallon manyan riguna da kuɗi suna zuba, kiɗa na tashi amma ba a ga mai yin sa. Ban ga laifin mai ɗauka ba, ido ɗaya ba ya kallon gabas da yamma lokaci guda.

Shawarata ita ce a riƙa ƙara kyamara ta biyu, a kafa ta a gefen dandali a kan mariƙi mai ƙafa uku, ta fuskanci makaɗa kawai, kada a taɓa ta har a tashi.

Dalili kuwa, kiɗanmu ba na kunne ba ne kaɗai. Mai kalangu yana matse igiyoyin gangar a hammatarsa, yana sassautawa, da haka sautin ke hawa da sauka har ya yi magana. Wanda bai ga wannan hannu ba, bai san yadda ake yi ba. Haka kallon da mawaƙi ke yi wa 'yan amshi kafin su karɓa, da yadda matan amada ke buga ƙwarya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi a 2015. Yanzu duk mai son ganin yadda suke wasa, sai dai abin da kyamara ta kama. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci ya fi zama a bakinsu, ta bidiyo za su san wannan gado.

Wani zai ce kuɗi. To, ba sai an yi hayar babbar na'ura ba. Wayar hannu mai kyau ta isa, in dai an cika ta da caji, an tanadi wurin ajiya a cikinta, an kuma ɗora ta inda masu rawa ba za su ture ta ba. A nisanta ta da bakin sifika don kada sauti ya fashe, a nisanta ta da janareta. Kafin a fara, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarorin biyu. Da wannan tafi mai haɗa hoto zai daidaita su a kwamfuta.

Akwai kuma abin lura. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙa naira, kuma a 2024 kotu a nan Legas ta ɗaure wani wata shida a kan haka. Bidiyon da babu komai cikinsa sai liƙi yana iya zama shaida a kan mai biki da baƙinsa.

Don haka idan za ku yi ciniki da mai ɗauka, ku tambaye shi tun farko: wace kyamara ce ta makaɗa? A kuma ba mawaƙin nasa kwafin, haƙƙinsa ne.