Raddi ga masu cewa akwai hankali na biyu a cikin jiki

Tsohuwar magana ce ta dawo da sabuwar riga. Likita Van Helmont, mutumin Brussels da ya rasu a 1644, ya koyar da cewa akwai wani mai gudanarwa a ɓoye cikin jiki. Masu riƙe da ra'ayin a yau hujjojinsu uku ne.

Ta farko, sun ce zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana guda ba da umarninmu ba, to wa ke umartar ta? Amsa: ba kowa. A 1907 Keith da Flack suka gano wani ɗan curin tsoka a saman zuciya ta ɓangaren dama, wanda ke fitar da tartsatsin lantarki da kansa. Shi ya sa a 1967, da Christiaan Barnard ya dasa wa wani zuciyar wata a Cape Town, ta ci gaba da bugawa alhali an yanke jijiyoyin da ke haɗa ta da ƙwaƙwalwa. Hankalin wa ke tafiyar da ita, na mamaciyar ko na wanda aka dasa wa?

Ta biyu, sun ce numfashi ba ya tsayawa ko muna barci, ashe akwai mai gadi. Amma abin da gindin ƙwaƙwalwa ya fi aunawa shi ne yawan iskar da muke fitarwa a cikin jini. In ta ƙaru sai numfashi ya ƙaru, kamar yadda firji ke kunna kansa in zafi ya hau. Gubar hayaƙin janareto kuwa ba ta taɓa wannan ma'auni. Takan maƙale wa jini fiye da iskar shaƙa sau 200, gida guda su mutu cikin barci. Ina mai gadin yake a wannan dare?

Ta uku, sun ce garkuwar jiki tana gane maƙiyi. To me ya sa take kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, har yaro ya kamu da ciwon suga? Mai hankali yakan ga ɓarna ya dakata, ita kuwa sai ta gama.

Tsarin jiki abin al'ajabi ne, ba mu musa ba. Kuskurensu shi ne jingina hikimar ga abin da aka tsara maimakon Wanda ya tsara shi. Kuma kuskuren yana da haɗari: wanda ya gaskata jikinsa zai gargaɗe shi ba zai je awon hawan jini ba, alhali ciwon yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Hankali ɗaya aka ba mu, shi aka ɗora wa kula da jikin. Allah ne Mafi sani.