Kurɓi Ɗaya Ba Ya Yanke Hukunci

A shekarun 1970 kamfanin Pepsi ya riƙa tare mutane a manyan shagunan Amurka, yana miƙa musu kofuna biyu marasa suna, su kurɓa su zaɓa. Da yawa suka zaɓi Pepsi, wadda ta fi zaƙi. Abin ya tayar wa Coca-Cola hankali, har a watan Afrilun 1985 ta sauya haɗin lemonta ta ƙara masa zaƙi, domin nata gwajin ma haka ya nuna. Bayan kwana 79 ta sanar da dawo da tsohon haɗin. Dalilan wannan tuntuɓe suna da yawa, amma ɗaya ya fita fili: abin da harshe ya yaba a kurɓin farko, ba lalle ne ya jure shi har ƙasan kwalba ba.

Wannan darasi ne ƙananan kamfanonin giya na Amurka da Turai ke neman mantawa, game da wata baƙar giya mai kauri da suke kira sitawut ɗin kek. Sunan ya fara ne a matsayin ba'a, daga baya masu yin ta suka rungume shi.

Asalinta daga Landan ne. A ƙarni na 18 ana dafa baƙar giya mai ƙarfi ana kai ta Rasha, har fadar Sarauniya Katarina. Ɗanɗanonta na gasasshen tsiron sha'ir ne, mai ɗaci irin na kofi. A shekarun 1990 kamfanin Goose Island na Chicago ya fara ajiye irinta a gangunan katako da aka taɓa zuba wuski, ya fitar da Bourbon County Stout, katakon ya ba ta ƙamshin fanila. Daga nan ƙofa ta buɗe. Masu dafawa suka shiga zuba fanilar kanta, da koko, da kwakwa, da kirfa, da gyaɗa, wasu har da kek. Suka ƙara da sukarin madara, wanda yistin giya ba ya iya ci, don haka zaƙinsa yana nan daram. Abin da ya fito shi ne ruwa mai kauri da barasarsa kan haura kashi 10 cikin ɗari, alhali giyar yau da kullum tana wajen kashi 5.

Matsalar tana wajen auna ta. Tsarin BJCP, wanda ke horar da alƙalan giya tun 1985, ya raba maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, sai hukuncin gaba ɗaya 10. Tsari ne mai hankali, sai dai alƙali ɗan kaɗan yake sha, domin wasu kofunan na jiransa. Mafi rinjaye kuma yanzu shi ne hukuncin jama'a a manhajar Untappd, da aka kafa a 2010, inda kowa ke ba da maki daga cikin biyar. Irin wannan giya galibi a taro ake buɗe ta, kwalba ɗaya ta zagaya mutane da yawa, kowa ya samu kurɓi biyu ya danna makinsa. A irin wannan fage, mai zaƙi da ƙamshi mai ƙarfi ita ke cin gasa, kamar yadda Pepsi ta ci. Maki mai yawa yana jawo layi da tsada, sauran kamfanoni su gani, su ƙara sukari.

Ga abin da sukari ke rufewa. Yana ɓoye zafin barasar da ba ta kwanta ba, yana ɓoye ɗahuwar da ba ta kammala ba, yana sa aikin ƙwararre da na ɗan koyo su yi kama. Yana kuma ɓoye ƙarfi. Gwangwani mai mililita 330 a kashi 12 yana ɗauke da barasar da ta ninka ta gwangwanin kashi 5 fiye da sau biyu, amma baki na jin cakulan ne kawai. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

Masu kare ta suna da hujja. Sun ce tun farko don a raba ta aka yi ta, kamar kayan zaƙin bayan abinci, kuma raina zaƙi girman kai ne na masana. Akwai gaskiya a nan. Zaƙi ba laifi ba ne: tun farkon ƙarni na 20 ake sayar da sitawut ɗin Mackeson mai sukarin madara a Ingila. Sauya kayan haɗi ma ba laifi ba ne: Guinness da ake dafawa a Najeriya tun bayan buɗe masana'antar Ikeja a 1962 ta koma amfani da dawa lokacin da aka hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, kuma ɗacinta bai ɓace ba. Bambancin shi ne, can an gina giya da sabon abu, nan kuwa sau da yawa binne ta ake yi a ƙarƙashinsa.

Saboda haka alƙali na gari ba ya gaggawa. Yana barin kofin ya rage sanyi, domin sanyi yana danne ɗanɗano, mai kyau da marar kyau. Sannan ya yi tambayoyi uku. Shin ɗacin gasasshen hatsi yana amsa wa zaƙin, ko an bar zaƙin yana magana shi kaɗai? Idan aka ɗauke fanila da kwakwa, akwai abin da ya rage? Kurɓin ƙarshe yana kiran wani, ko ya riga ya ginshi mai sha? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma makin da aka bayar tun miya na cike da kwano, miyar aka yaba, ba tuwon ba.