Nijar: kafin a raba bindiga, wa zai riƙa duba ta?

Duk lokacin da ƴan bindiga suka afka wa wani ƙauye a gundumar Madarunfa ko Gidan Rumji, suka kore shanu ko suka tafi da mutane, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin waɗanda suka tsira: a ba mu makamai mu kare kanmu. Maƙwabta sun riga sun bi wannan hanya. Burkina Faso ta kafa rundunar ƴan sa-kai ta VDP da dokar watan Janairun 2020, jihar Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta biyo baya da Askarawanta a farkon 2024. A nan gida kuma, tun da majalisar ministoci ta amince da dokar mobilisation générale a ƙarshen Disamban 2025, muhawarar ta ƙara zafi a fada da gidajen rediyo.

Sai dai muhawarar ta tsaya kan a bayar ko kada a bayar. Akwai wata ƙaramar tambaya da kowane sarjan zai fara yi, wadda ba a cika jin ta a bakin ƴan siyasa ba: idan an bayar, wa zai goge bindigar, wa kuma zai duba ya tabbatar an goge?

Wanda bai san bariki ba zai ɗauka wannan zancen tsabta ne kawai. A bariki kuwa, gogar bindiga wani sashe ne na lissafi. Soja ya dawo daga sintiri, zai cire gidan harsashi, ya tabbatar babu ko ɗaya da ya rage a ciki, ya kwance ta, ya zura sanda da tsumma cikin bututun, ya shafa mai kaɗan, ya mayar ya ɗaure. Daga nan ya nuna wa na gaba da shi, sannan ya miƙa ta ga mai kula da ɗakin makamai, wanda zai karanta lambar da ke jikinta ya rubuta a rajista, ya kuma ƙirga harsashin da aka fita da shi da wanda ya dawo. Ta wannan aiki mai gundura ne hukuma ke ganin bindigarta ido da ido kowace rana. Ranar da aka daina gogewa a gaban wani, daga ranar ce hukuma ta fara rasa sanin inda makaminta yake.

Yanayin ƙasar nan ma ba ya sassauta wa ƙarfe. Da hunturu, ƙura mai laushi kamar gari tana shiga ko'ina, kuma wanda ya cika wa bindiga mai da nufin kyautata mata ya cuce ta, domin man yana kama ƙurar ya zama wani irin kwaɓi da ke cinye sassan da ke gogar juna. Da damina kuma tsatsa ce. Yawancin tsofaffin harsasan da aka ƙera a ƙasashen gabashin Turai da Sin suna barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi; gishirin yana jawo laima, cikin ƴan kwanaki tsatsa ta kama. Manyan rundunoni ma sun ji a jikinsu. A yaƙin Biyetnam, Amurka ta raba wa sojojinta sabuwar bindiga M16 ba tare da isassun kayan gogewa ba, an kuma bar su da tunanin ba ta buƙatar kulawa sosai. Bindigogi suka riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, sojoji suka mutu da makami a hannu, har majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin bincike a 1967.

To amma bindigar da ta cika Sahel ba M16 ba ce, Kalashnikov ce, kuma a nan ne matsalar ta juya. Rundunar Tarayyar Sobiyet ta karɓe ta a 1949, aka sabunta ta a 1959, Sin ta ƙera tata mai suna Type 56, wasu ƙasashe da dama suka bi sahu. An tsara ta ne don sojan da bai samu dogon horo ba: sassanta kaɗan ne, akwai sarari tsakaninsu yadda ƙura ba ta saurin tsayar da ita, sandar gogewa tana maƙale a ƙarƙashin bututu, ƴan kayan aikin kuma suna cikin ƙotar. Tsumma da ɗan man babur sun ishe ta rayuwa shekaru da dama. Abin da ya sa ta zama alheri ga rundunar ƙasa marar kuɗi shi ne ya sa ta zama masifa idan ta kuɓuce. Jirgin yaƙi ko motar sulke da ta faɗa hannun ƴan ta'adda, rashin kayan gyara zai ajiye ta cikin ɗan lokaci. Kalashnikov ba ta buƙatar garejin gwamnati. Tana iya wuce wanda aka ba shi ita, ta wuce rikicin da ya sa aka bayar, ta wuce gwamnatin da ta saye ta.

Binciken ƙungiyar Conflict Armament Research, wadda ke bin lambobin makaman da aka ƙwato a filin daga, ya nuna haka. An daɗe ana ɗora komai kan Libiya da rumbunan Gaddafi da suka watse a 2011, kuma gaskiya ne makamai sun kwararo daga can. Amma masu binciken sun gano cewa wani kaso mai yawa na makaman da ke hannun ƙungiyoyin tsakiyar Sahel ya fito ne daga hannun rundunonin ƙasashen yankin, kuma da yawa an ƙera su shekaru da dama da suka wuce. Wasu an kwashe su ne a hare-haren barikoki irin na Inates a Disamban 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, da na Cinagodar a Janairun 2020, inda aka rasa 89. Wannan asara ce ta yaƙi, ba ta sakaci da rajista ba. Sai dai ko a nan, lambar da aka rubuta ce kaɗai ke ba da damar cewa bindigar da aka ƙwato a wani daji shekaru biyu bayan haka daga wane ɗakin makamai ta fita.

Yanzu a ɗauki wannan bindiga a kai ta ƙauye. Mutanen karkara suna da hujja mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a yi musu wa'azin takarda daga Yamai. A Tiliya, jihar Tawa, an kashe mutane 137 a rana ɗaya cikin Maris ɗin 2021. A Nuwamban wannan shekarar, ƴan sintirin Banibangu 69 suka mutu tare da magajin garinsu. Ɓarawon shanu ba ya jiran a kammala rajista. Duk da haka, tambayar sarjan tana nan. A Burkina, horon farko da dokar 2020 ta tanada wa ɗan VDP kwana 14 ne. Kwana 14 sun isa mutum ya koyi kwance Kalashnikov da ɗaure ta, wannan aikin wuni guda ne. Abin da ba su isa su gina ba shi ne ɗabi'ar kai makami gaban wani a duba. A ƙauye babu ɗakin makamai, babu mai rajista. Bindigar tana kwana ƙarƙashin gado, a ɗakin da yara ke shiga. Ba banza ba ne kalmar "yana cikin gogewa sai ta tashi" ta zama sananniya a labaran haɗurra a ko'ina cikin duniya: kusan kullum harsashi ɗaya ne aka manta a ciki. Su kuwa bindigogin gida da maƙera ke haɗawa, irin su baushe da harbi-ka-ruga, ba su da lamba ko kaɗan, kuma bututun da tsatsa ta ci kan fashe a fuskar mai harbin.

Harsashi ma yana da nasa ciwon, wanda ya fi na bindiga tsada. Albarushi yana lalacewa da zafi da daɗewa, kuma rumbun da ba a dubawa bam ne a tsakiyar gari. Ikeja ta Legas ta gani a Janairun 2002, mutane sama da 1,000 suka hallaka, akasarinsu a cikin magudanar ruwa wajen gudu. Unguwar Mpila ta Brazabil ta gani a Maris ɗin 2012, Bata ta Gini Ikwatoriya a 2021, unguwar Guji ta Njamena a Yunin 2024.

Nijar ba ta rasa hukumar da wannan aiki ya rataya a wuyanta ba. Tun 1994 aka kafa CNCCAI, hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai, tun ma kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995. Wani ginshiƙin dokar da take aiki da shi kuwa shi ne yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai ta 2006, wadda ta wajabta sa wa makamai alama, riƙe rajistar ƙasa, da neman izinin ƙungiyar kafin shigo da su. Nijar ta fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ficewar ba ta hana ƙasar ci gaba da sa alama da rubuta lamba ba, amma ta cire idon waje da ke dubawa, kuma ya rage ga ƙawancen AES ya samar da madadinsa. Iyakar Maradi da Katsina ba ta matsa ko taku ɗaya ba saboda ficewar: bindigar da ta ɓace a Jibiya na iya kwana a Ɗan Isa, kuma sai rajistocin ɓangarorin biyu sun yi magana da juna za a gane ta.

Karɓo makami ya fi raba shi wuya, kuma ƙasar nan ta taɓa gwadawa. Bayan tawayen arewa na shekarun 1990, sai da aka yi shekara biyar da sa hannu kan yarjejeniyar 1995 kafin a tara bindigogi sama da 1,000 a ƙone su a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000, a bikin da aka kira wutar zaman lafiya. Shekara bakwai bayan nan, a 2007, wani tawayen ya ɓarke a tsaunukan Ayar.