Allurar ruwa ba ta faɗa maka komai game da salansa

Jama'a, musamman masu manyan motoci da direbobin tirela, akwai wata magana da na gaji da ji: "Wallahi allura tana daidai, kawai injin ya buga." To ai wannan allurar da kake kallo zafin ruwan lagireto take aunawa, ba zafin wutar da ke ci a cikin injin ba.

Ruwan injin dizal mai lafiya yana zama ne tsakanin digiri 80 zuwa 95. Hayaƙin da ke fita daga injin kuwa, in mota ta ɗauki lodi tana hawa, yana kaiwa 600 har 700. Kuma ba tafiya ɗaya suke yi ba. Kana taka totur zafin hayaƙi yake tashi cikin daƙiƙoƙi, shi kuwa ruwa sai ya ɗauki mintuna kafin ya motsa, domin fanka da lagireto suna ta aikinsu. Kafin allurar ruwa ta ɗaga, fistin ya riga ya fara cinyewa, tarbo ya gasu. Alminiyam da ake yin yawancin fistin da shi a wajen digiri 660 yake narkewa. Bakin mai da ake fesa masa ta ƙasa yana cikin abubuwan da suke cetonsa.

Me ke tayar da wannan zafi? Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Ku dubi abin da muke yi da hannunmu: mai mota ya lafta lodi fiye da ƙima, bakanike ya "buɗe famfo" wai don mota ta yi ƙarfi, filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu ba wanda ya duba ta, sannan direba ya kama Hawan Kibo da babbar giya, injin yana nishi, baƙin hayaƙi yana turnuƙe hanya. Ga shi kuma in ka doshi Jos iskar ta fi sirantaka saboda tudu. Wasu ma alfahari suke da baƙin hayaƙin nan. Gas ne da bai ƙone ba fa, kuɗinka ne kake watsarwa a titi.

Sai a cire tamastat a ce an yi maganin zafi. Haba! Allurar ka kwantar, hayaƙi yana nan yadda yake.

Laifin ba na direba kaɗai ba ne. Alhaji, agogon auna zafin salansa bai kai kuɗin taya ɗaya ba, amma ba za ka saya ba, sai injin ya buga ka kori yaro ka riƙe masa albashi.

Kai kuma direba, in ka ga hayaƙi ya yi baƙi a kan hawa, sauko da giya ka sassauta totur. In ka gama hawa kada ka kashe mota nan take, bar ta a sulo minti uku zuwa biyar tarbo ya huce.