Tsatsar da ke cin jiki daga ciki

Duk ɗan kasuwar da man gyaɗa ya taɓa daɗewa a shagonsa ya san yadda warinsa yake sauyawa, kamar yadda kwanon rufi yake yin tsatsa bayan damina. Mai wannan ɓarna ɗaya ne, wato iskar okisijan, wadda kuma ba a rayuwa sai da ita.

Cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai ƴan murahu da masana suke kira mitokondiri, inda ake ƙona abinci da okisijan domin samun ƙarfi. To, wuta ba ta rasa tartsatsi. Kaɗan daga iskar yakan kuɓuce ya rikiɗe zuwa sinadarai masu zafin kai, har da irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi. In wannan ya gamu da sinadarin ƙarfe sai ya haifi mafi muninsu, hidorokisil, wanda yake ƙone duk abin da ya fara taras.

Babbar asara tana aukuwa ne in tartsatsin ya faɗa kan ADN, kundin gado da aka rubuta da haruffa 4: A, C, G da T. Harafin G ya fi saurin ƙonewa. In ya ƙone, wajen kwafe kundin akan haɗa shi da A maimakon C, kuskuren ya zauna, ƙwayoyin da suka biyo baya su gaje shi. Tarin irin waɗannan kurakurai yana cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji. Furotin kuwa, ma'aikatan jiki, sukan karkace su dunƙule. Yanar idon tsofaffi tana da nasaba da haka.

Jiki bai zauna hannu sake ba. Kumfan da ake gani a kan rauni aikin katalaz ne, mai farfasa ruwan ya koma ruwa zalla da iska. Akwai kuma masu bin kundin suna cire harafin da ya lalace. Binciken gyaran ADN ne ya ba Tomas Lindahl da wasu masana 2 kyautar Nobel a 2015. Amma wasu an haife su da ƙarancin garkuwar G6PD, abin da ya yawaita a Afirka, kuma maganin zazzaɓi irin primakin yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Sai dai a yi hattara da masu tallar ƙwayoyin bitamin da sunan wanke jiki. A 1994 an bayyana sakamakon gwaji a ƙasar Finlan kan maza masu shan taba fiye da 29,000: waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Kuɗin da ma'aikaci zai kashe a kan kwalba gara ya kai shi wajen mai zogale da tumatir, ya kuma rabu da sigari, tunda hayaƙinta cike yake da wannan tartsatsi.