Tatu ba lalle ba ne

'Yan'uwa marubuta, wannan yayi ya isa haka. Jarumi ya shiga shago a Landan, ya fito da sunan budurwa a ƙirji, washegari yana ninƙaya. Haba!

Tatu rauni ne. Allura ke huda fata sau dubbai tana cusa tawada. Wurin zai kumbura, ya yi ɓawo, ya yi ta ƙaiƙayi mako 2 zuwa 4, kuma ba a jiƙa shi cikin ruwa. Mai hankali ba ya zama sai an ɓare sabuwar allura a gabansa, don tsohuwa tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Sannan in jarumin nan Musulmi ne, ina fargabarsa? Hadisin da ya la'anci mai yi da wadda aka yi wa yana cikin Bukhari da Muslim. Ba wa'azi nake nema ba. Amma yaron da ya tashi a Kano, wa zai yarda ya yi barci lafiya a daren da zai miƙa ƙirjinsa? Me zai ce wa Hajiya ranar da ta gani? Nan labarin yake, kuna tsallakewa.

Ko wanzamin unguwarku ku tambaya yadda ake shasshawa, kafin ku sake rubuta wannan babi.